Madubin hangen nesa na farauta: wanne zan saya da naira dubu 80?

Ɗan Ningi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen maharba da duk wanda ya san kan madubin hangen nesa.

Ni manomi ne a ƙasar Ningi. Idan an kawar da amfanin gona sai in shiga daji, don harbi gadon gidanmu ne. Abin da nake samu bai wuce zabi da fakara da zomo ba, wani lokaci gada idan Allah ya kawo rabo. Shekarata 49, kuma tun bara na lura idona ba ya rarrabe abu da sassafe kamar da.

Abin da ya sa na tashi neman madubin nan tsakani da Allah shi ne wani abu da ya same ni watan jiya. Na fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ga hazo. A bakin wani kwari, tsakanin sabara da kalgo, na hango abu ja-ja yana motsi a sunkuye, kamar taku 60 daga inda nake. Raina ya ba ni gada ce. Na durƙusa, na ɗaga bindiga, yatsana yana kan kunama, ina jira ta ɗan fito fili. Sai abin ya miƙe tsaye. Yarinya ce 'yar Fulani da jan mayafi, tana tsintar itace. Ba ta ma san ina wurin ba. Na ajiye bindigar a ƙasa jikina yana rawa, na koma gida ban harbi komai ba, kuma na yi kwana uku ban yi barcin kirki ba. Tun ranar na yi alkawari ba zan sake ɗaga bindiga a kan abin da ban tabbatar da shi ba.

Ɗana ya sayo mini wani ta intanet a kan dubu 18. An rubuta 60x60 a jikinsa, gilashin gaban ja ne wur yana ƙyalli. Idan na duba da shi abu ɗaya sai ya zama biyu, ɗaya sama kaɗan ɗaya ƙasa, kuma kafin minti biyar kaina ya fara sarawa. Da sassafe kuwa, lokacin da na fi bukatarsa, idona tsirara ya fi shi gani.

Yanzu na ware dubu 80 daga kuɗin riɗi. Me lambobin nan suke nufi? Babbar lamba ita ce mai kyau? Sabo zan nema ko na hannu? Kuma idan na je kasuwa ta yaya zan gane na ƙwarai kafin in biya? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Mai Gyaran Kyamara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa, labarin yarinyar nan ya taɓa ni ƙwarai. Ni ba maharbi ba ne, gyaran kyamara nake yi a Kano, amma ana kawo mini maduban nan ina buɗe cikinsu, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Lambar farko ita ce yawan kusantowa. Idan an rubuta 8x42, abin da ke nisan mita 200 za ka gan shi kamar yana mita 25. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ce da milimita, wato ƙofar da haske ke shiga. Sirrin yana cikin raba ta biyu da ta farko. 42 a raba 8 ya ba ka 5 da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka, kuma kana iya ganinsa: riƙe madubin nesa da fuskarka kamar tsawon kamu biyu, ka fuskanci sarari, za ka ga ɗan da'irar haske a kowane gilashin ido. Baƙin idon mutum yana tsukewa da rana ya koma milimita 2 zuwa 3, cikin duhu ya buɗe, na matashi har wajen 7, na mai shekarunka wajen 5 ko 6. Idan ɗigon madubin ya fi buɗewar idonka ƙanƙanta, duhu za ka gani. Shi ya sa ƙananan nan na aljihu, 8x21 da 10x25, suke da kyau da tsakar rana amma ba sa tsinana komai da asuba. Kai kuma aikinka na asuba ne da gab da magariba. Kada ka sayi wanda ɗigonsa bai kai 4 ba, 5 ya fi.

Wanda ɗanka ya sayo, ɗauko abin awo na 'yan makaranta ka auna gilashin gaban. Ina kyautata zaton ba zai kai milimita 40 ba, balle 60. Irinsu da suka biyo ta hannuna kusantowarsu ta gaskiya ba ta wuce 7 ko 8 ba. Da ma a ce 60 ɗin gaskiya ne, ba mai iya riƙe shi da hannu ya ga wani abu, domin madubi yana ninka rawar hannu kamar yadda yake ninka girman abu. Jan fentin nan kuma haske yake mayarwa waje, sai ya bar maka daji shuɗi-shuɗi. Gilashi mai kyau idan ka karkata shi ga fitila, ɗan launin kore ko shunayya za ka gani a dishe, kuma kana hango cikin madubin. Wanda ya haska maka fuskarka kamar madubin aski, ajiye shi.

Ganin abu biyu-biyu da ciwon kai, daga ciki ne. Kowane ɓangare yana da dunƙulen gilasai masu kusurwa da ke juya hoto ya tsaya daidai. Idan ɗaya ya goce ko da kaɗan, ido biyu ba sa kallon wuri ɗaya, sai jijiyar idonka ta yi ta kokawar haɗa su. A masu arha da gam ake manna su, faɗuwa ɗaya ta isa, wasu ma a goce suke fitowa daga kwali.

Ƙira iri biyu ce. Akwai mai kafaɗa, irin na da, wanda gilasan gaba suka fi na ido nisa da juna. Akwai miƙaƙƙe, bututu biyu santal, mai kyan gani da sauƙin ɗauka. Miƙaƙƙen yana bukatar aiki mai tsada a ciki kafin hotonsa ya fito tas, saboda haka a ƙaramin kuɗi mai kafaɗa ya fi shi haske da kaifi. Da dubu 80 ni mai kafaɗa zan nema, 8x40 ko 8x42, kuma in guji duk mai ɗan hannun da ake turawa ya ƙara kusantowa, irin 10-30x50, don filinsu ƙunci ne kuma saurin gocewa gare su.

Idan suna kake so, Nikon Aculon A211 8x42 abu ne mai kyau a ajinsa: yana nuna faɗin mita 140 a nisan mita 1000, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Olympus 8x40 ma haka. Amma sabo na asali yana kaiwa kusan dala 100 kafin kuɗin kawowa, ka ga kuɗinka ba zai kai ba a canjin yanzu. Duk wanda ya miƙo maka sabo fil da babban suna a kan dubu 30, sunan kawai ka saya. Hanyarka ita ce na hannu, wajen 'yan gwanjon kayan Turai. A nan ake tsintar tsofaffin na Japan da na Tarayyar Sobiyet, musamman 8x30 masu jikin ƙarfe da rubutun Rashanci. Waɗannan suna da ƙwari da faɗin gani, sai dai ɗigonsu bai kai 4 ba, da asuba 8x40 zai fi su. Su ma an cika kasuwa da jabunsu, na jabun ba nauyi, jikin roba ne.

Kada ka biya sai ka yi gwajin nan a gaban mai kaya. Ka girgiza shi kusa da kunne, kada ka ji motsi. Ka juya shi ka leƙa ta gilashin gaba da tocilan, ka duba ko akwai hazo ko wani abu kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce kuma tana cin gilashi. Ka duba ɗigon hasken nan guda biyu, su zama da'ira cikakkiya. Idan gefensu ya ɗan dishe kamar murabba'i, gilashin cikin mai arha ne amma ana iya amfani da shi, idan kuwa an gutsure gefe ɗaya, wani abu ya goce. Sannan ka nemi wayar lantarki ko bakin rufin kwano mai nisa, ka saita, ka janye madubin a hankali daga idonka kana ci gaba da kallo. Layin da ke dama da na hagu su tsaya a kan miƙa ɗaya. Idan ɗaya ya fi ɗaya tudu, mayar masa da kayansa ko nawa ya rage maka. In da hali ka je da yamma liƙis, ka leƙa cikin wani lungu mai duhu, don da tsakar rana kowane madubi gwani ne.

Ɗan Fadama ya amsa:

Sannu da ƙoƙari Mai Gyara, bayani ya yi. Amma ni a kan lamba 8 ɗin nan ban bi ka gaba ɗaya ba. Ni a fadamar wajen Nguru nake, kuma 10x50 nake riƙewa shekara shida ke nan. Wajenmu fili ne shimfiɗe, ruwa da kacalla iya ganinka. Kirinjijiya ko dinya za su sauka can tsallaken ruwa, nisan da 8 ba zai rarrabe maka su da sauran tsuntsaye ba. Kuma lissafinka ma ya goyi bayana, 50 a raba 10 ai 5 ne, hasken ɗaya ke nan.

Abin da zan yarda da shi, yana da nauyi, ya kusa kilo guda, kuma idan na yi tafiya numfashina na sama hoton rawa yake. Ni a kan kwalekwale ko gindin bishiya nake zama in dogara gwiwar hannu a kan gwiwata. Da rana ta take kuma, kawalwalniya ta tashi, 10 ɗin ba ya ƙara komai, hoton sai ya riƙa narkewa.

Abu ɗaya da ba a faɗa ba shi ne ruwa. Masu kafaɗan nan masu arha yawancinsu ruwa na shigarsu, har Aculon ɗin ba a yi shi don ruwa ba. Nawa na farko damina ɗaya ya yi, raɓa ta shiga, ya yi gumi daga ciki, daga nan fumfuna. Ɗan Ningi, kai da yake farautarka ta rani ce wannan ba zai dame ka sosai ba, amma da damina kada ka jefa shi cikin akwati a ɗaki mai laima ka manta. Cire shi daga jakarsa, ka sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, suna shanye danshi.

Mai Gyaran Kyamara ya sake amsawa:

Gaskiyarka Ɗan Fadama, a wajenku 10x50 ne daidai. Amma dubi inda shi yake: duwatsu, kwari, sabara, abu yana taku 60 zuwa 150, kuma a ƙafa yake yawo da bindiga a kafaɗa. 10x50 na Nikon faɗin mita 114 yake nunawa a nisan mita 1000, inda 8x42 ke nuna 140. A cikin kurmi wannan bambancin shi ne tsakanin ka kama zabo yana gudu da ka yi ta lalube. Kuma shi abin da yake so ya tabbatar mutum ne ko dabba, wannan 8 ya isa har ya yi yawa.

Na manta ban faɗi saiti ba, kuma mutane da yawa suna mayar da madubi mai kyau saboda wannan. Idon mutum biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka murza abin tsakiya har hagu ya fito tas. Sai ka rufe na hagu, kada ka taɓa tsakiyar, ka murza zoben da ke jikin gilashin ido na dama har shi ma ya fito. Ka yi wa wurin alama, an gama, daga nan tsakiyar kawai za ka riƙa murzawa. Ka kuma lanƙwasa shi daidai faɗin idanunka har da'ira biyu su haɗe su zama ɗaya. Idan kana sa tabarau ka gwada da shi a fuskarka, domin wasu tsofaffin sai ido ya manne kafin a ga dukan fili.

Ƙurar hunturu kuma ita ce babbar abokiyar gabarsa. Kada ka goge gilashi da bakin riga ko rawani, ƙurar nan yashi ce, kankare shi za ta yi. Ka fara hurewa, ka share da burushi mai laushi, sannan ka goge da ƙyallen tabarau.

Tsohon Maharbi ya amsa:

Jikana ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa.

Ɗana na Ningi, na ji labarinka, kuma na gode wa Allah da ya riƙe yatsanka. Na san wanda nasa bai riƙu ba, ɗan'uwansa ya harba a farautar gayya yana zaton gyado ne. Har ya bar duniya bai sake zama cikin mutane da sakin fuska ba. Saboda haka sayi madubin nan, ko da za ka ƙara kuɗi.

Amma ka ji. Bindigarka ba ta cin abu sai ya zo taku 40 ko ƙasa. Madubi ba zai ƙara mata tsawo ba. Na ga yara sun sami madubi sai suka fara harbi daga nesa don sun ga naman kamar a gabansu, su raunata dabba ta tafi ta mutu a wahale, ba su ci ba, ba su bari ba. Amfaninsa ka zauna a kan tudu tun kafin rana ta fito, rana tana bayanka, ka bi gindin kowane daji da shi a hankali. Kada ka nemi gada sukutum, nemi kunne, nemi wutsiya, nemi inda ciyawa ke motsi ba iska. Idan ka gani sai ka duba mace ce ko namiji, tana da ciki ko ɗa na bin ta. Mai ciki da mai shayarwa a bar su, haka iyayenmu suka koya mana. Ka duba bayanta kuma, ko akwai shanu ko bukka ko hanya. Sai ka san ta inda iska ke kaɗawa, ka mayar da madubin cikin riga, ka yi sanɗa irin wadda ka gada. Kada ka bar shi yana lilo a ƙirji yana bugun bindiga, ƙarar ƙarfe tana tafiya da nisa a daji, kuma gilashin idan ya kalli rana walƙiyarsa korar nama take.

Sai maganar zamani, wadda ta fi damuna. Yau mutum da bindiga da madubin hangen nesa a daji, ba kowa zai ɗauke shi maharbi ba. Kowa ya ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe maharbanmu 16 suna hanyar dawowa gida, Allah ya jiƙansu. Kada ka sayi mai launin kayan soja, nemi baƙi. Kada ka kusanci irin na ganin dare mai batir, wannan kayan jami'an tsaro ne, zai jawo maka tambayar da ba ka da amsarta. Ka karɓi rasit ka ajiye tare da katin ƙungiyarku da takardar bindigarka. Ka kai wa Sarkin Bakanku ya gani, mai unguwa ma ya sani. A shingen jami'ai ka fito da shi da kanka kafin a bincika jaka. Kuma kai da kake kusa da gandun Lame-Burra ka san iyakarsa, ko naman da ka hango a ciki ya kai me, na hukuma ne.

Ɗan Ningi ya dawo:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ji kuma na riƙe. Mai Gyara da Ɗan Fadama, Allah ya bar zumunci.

Na auna na ɗana kamar yadda aka ce, milimita 35 ne. Ranar Talata na shiga Kano wajen 'yan gwanjo, na ɗauki guda bakwai ɗaya bayan ɗaya. Uku sun faɗi a gwajin wayar lantarki, ɗaya yana da saƙar gizo-gizon nan a ciki, ɗaya zoben damansa ya ƙi murzuwa. Mai kayan da farko ya ɗan ɓata rai ganin ina haska tocilan, daga baya shi da kansa ya riƙa miƙo mini yana tambaya me nake dubawa. Na tsaya tsakanin wani 10x50 da wani tsohon 8x40 na Japan mai kafaɗa, fentinsa ya goge a gefe amma gilashinsa garau. Na jira har bayan la'asar sakaliya na leƙa cikin wata rumfa mai duhu da kowannensu. Hasken kusan ɗaya ne, amma da 10 ɗin rubutun da ke jikin buhu rawa yake mini, da 8 na karanta shi. Na biya dubu 62 da rasit, ragowar na sayi ƙyallen tabarau da igiya mai faɗi don ta asalin ta tsinke.

Jiya na koma kwarin nan, ban ɗauki bindiga ba. Na zauna a kan dutse daga asuba har rana ta ɗaga. Na ƙirga zabi 11 suna gangarowa ruwa, na ga zomo a gindin kalgo wanda da ido ban gan shi ba sam, kuma na ga hanyar da yaran rugar suke bi zuwa itace, ta ratsa daidai inda na saba tsayawa. Na bar wannan gefen, zan koma ta arewacin dutsen.

Tambaya ɗaya ta rage, Mai Gyara. Murfin gilasan gaban babu, kuma ƙura ta fara sauka. Ana samun na sayarwa daban, ko in kai wa baduku ya ɗinka mini na fata?